Kafin Ka Sayi Kamara Don Malam-Buɗe-Littafi

Wani mai karatu daga unguwar Barnawa a Kaduna ya rubuto cewa wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya yana yawan zuwa lambunsa, kuma yana so ya sayi kamara mai dogon gilashi don ya ɗauke shi hoto.

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Wanda ka kwatanta shi ne mai bin itacen lemu, wanda masana ke kira Papilio demodocus, kuma faɗinsa ya kai kusan santimita 10 idan ya buɗe fukafukai, don haka wayar hannunka ta isa. Abin da ke ɓata hotonsa shi ne ko yana shan ruwan fure ba ya daina kaɗa fukafukai. Ka fita da hantsi kafin rana ta yi zafi, lokacin da yake shanya jikinsa a kan ganye, ka matso a hankali ba tare da inuwarka ta faɗa masa ba, sannan ka danne maɓallin ɗaukar hoto a jere ka zaɓi mai kyau daga baya. Ƙaramin gilashin nan da ake maƙala wa waya, wanda masu talla ke cewa yana jawo nesa kusa, yawancinsa roba ce mai dusashe hoto.

Wata uwa daga Malali kuma ta rubuto cikin damuwa: wasu tsutsotsi masu kama da kashin tsuntsu suna cin ganyen lemun tsaminta, shin ta sayi maganin feshi?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, lambunki lafiya lau yake. Waɗannan su ne 'ya'yan wancan malam-buɗe-littafin da mutumin Barnawa ke nema. Kamar kashin tsuntsun da suka yi kariya ce daga tsuntsaye, idan sun girma sai su koma kore, kuma in an taɓa su sukan fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kai mai wari, wanda ba ya cutar da mutum. Babban itace ba ya jin abin da suke ci. Idan dashen ƙarami ne, ki tsince su da hannu ki mayar kan babba.

Batun feshin ne nake so in tsaya a kai, domin ya zama al'ada a garin nan da zarar an ga ƙwaro sai a aika yaro ya sayo ota-piya-piya a kwalbar da ba ta da suna, ba ta da lambar NAFDAC, ba ta da ranar daina aiki. Mai sayarwar kansa bai san abin da aka haɗa a ciki ba. Wani lokaci kananzir ne da aka ɗiga wa guba, wani lokaci kuma sinadarin DDVP ne mai ƙarfi da aka yi domin gona. A fesa shi a tsakar gida inda yara ke wasa, kaji na kiwo, ana shanyar kuɓewa, a kan lemun da gobe za a matse a kunu. Ya kashe tsutsar, ya kashe ƙudan zuma, sannan maigida ya dawo yana tambayata inda zai sayi furen da ke jawo malam-buɗe-littafi. Wanda ke son ganinsu a gidansa dole ya haƙura da ganye mai ɓula, babu wata hanya.

Ga mai tambaya daga Kawo ko akwai inda ake sayar da malam-buɗe-littafi da rai a zuba a lambu: ban san wurin ba, kuma ko an samu, katangarka ba za ta riƙe su ba. Wanda ya ce zai kama shi da raga ya manna a fure don hoto ya yi kyau, ba ni da amsar da zan ba shi sai dai ya bari, domin garin da ke gogewa a yatsa daga fukafukin ba ya sake fitowa.

Abin da ya cancanci kuɗi kaɗan ne: dashen lemun tsami ɗaya da furen lantana ko iksora daga masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, a dasa da farkon damina, wajen watan Mayu. Sai dai a riƙa datse lantana, domin tana mamaye wuri kuma ganyenta guba ne ga tumaki da shanu. A bar wani gefe na ƙasa da laima, saboda mazan sukan sauka su tsotsi gishirin ƙasa, kuma a nan ne suka fi daɗewa a wuri ɗaya har a samu hoto.