Tambayi Anti: Masu Son Cin Amarci a Kan Tsauni

Tunda aka shiga watannin biki, saƙonnin anguna da amare masu son hawa tsauni su ci amarci suka cika min waya. Ga biyar daga ciki.

Anti, ni ina son mu je Obudu, ita kuma ta kafe sai Mambila. Wanne ya fi? (Ango daga Zariya)

Ɗana, bi ra'ayin amarya, ta fi ka gaskiya a wannan karon. Obudu da ke Jihar Kuros Riba gandun shanu ne tun 1951, daga baya ya koma wurin shaƙatawa, a 2005 aka sa masa motar igiya mai ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama. Ita ce kowa yake gani a hoto ya ruɗe, alhali ta sha tsayawa na tsawon lokaci. Kada ka ƙulla tafiya dominta sai wanda ya sauko a makon nan ya ce maka tana aiki.

Mambila da ke Jihar Taraba kuwa ƙasa ce ta mutane. Daga Jalingo za ku bi Bali da Serti, ku fara hawa a Mayo Selbe, ku wuce Nguroje ku sauka Gembu. Tsayin wurin ya kai wajen mita 1,600, ga ciyawa shar, ga shanu, ga gonar shayi ta Kakara inda ake yin ganyen shayin Highland. Za ku ji kiran sallah, ku yi ciniki da Hausa, kuma ba za ka tsaya tambayar wa ya yanka naman ba. Masauki dai kada ka sa ran irin na Abuja. Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu, don daminar can doguwa ce, ga hazo ga santsi. Kuma ku bari 'yan ganin ɗaki su gama zuwa. Gwaggon da ta taso daga ƙauye ta tarar da kwaɗo a ƙofa ba ta mantawa.

Anti, wani kamfanin tafiye-tafiye a Instagram ya ce naira 900,000 kwana biyar a kan tsauni, har da mai ɗaukar hoto, amma sai na biya duka kafin Juma'a ko farashi ya tashi. Ina da 400,000. In ci bashin sauran a manhajar bashi? (Ango daga Kano)

A'a. Zauna ka ji dalili, don wannan ce wasiƙar da ta hana ni barci.

Fara da wannan "kafin Juma'a". Mai kaya na gaskiya ba ya kora ka da bulala. Wanda ba ya son ka yi tunani shi ke sa maka agogo. Ka tambaye su lambar rajistarsu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ka duba da kanka. Ka tambayi ofishinsu ka taka da ƙafarka. Ka tambayi sunan otel ɗin, ka nemo lambarsa ta wata hanyar daban, ka kira ka ji ko sun san kamfanin. Ka ce a nuna maka ɗakin ta kiran bidiyo, har banɗaki, a buɗe famfo ka ga ruwan zafi yana tururi. In asusun da aka turo maka sunan mutum ne ba na kamfani ba, ka riƙe kuɗinka. Ko duk sun ci wannan jarrabawar, kafin alƙalami kawai za ka bayar, a rubuta maka abin da ke ciki: mota, abinci sau nawa, wuta awa nawa. Na ga tallan da aka ce Mambila ce, ga dutse fari fat da ƙanƙara, ga gidajen katako irin na Suwizalan. Kallon kitse ake yi wa rogo, mu kuma muna biya.

Amma a ce kamfanin na ƙwarai ne, bashin fa? Ka san halin wasu manhajojin nan. Ranar da ka makara, lambobin da ke cikin wayarka suke bi da saƙo, su ce kai maci amana ne. A cikin lambobin nan akwai ta surukinka. Ka hango Alhaji zaune kan tabarma bayan La'asar, ya gyara tabarau yana karanta cewa mijin 'yarsa ya gudu da kuɗin mutane. Wane hoton tsauni ne zai goge wannan? Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, ba tafiyar kuke saya ba, hoton kuke saya. Ka yi lefe, ka biya sadaki, ka biya hayar shekara, an yi kamu an yi dina, kuma kowa ya san abin da mai ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Akwai wata 'yar ƙanwata da suka yi irin wannan tafiya da kuɗin aro. Hotuna kam sun yi kyau, har ni na yaba. Wata biyu bayan nan na kai mata ziyara, na buɗe sito in ɗebo shinkafa na tarar garar da aka kawo ta ƙare, sai rabin kwalin taliya da galan ɗin mai da aka kife. Faɗansu na farko ba a kan dangi aka yi shi ba, a kan kuɗin gas aka yi.

Kana da 400,000. Ka ajiye wani abu don cefane, ka ɗauki matarka ku tafi Jos kwana biyu ko uku. Garin yana kan tudu wajen mita 1,200, ga duwatsun Shere, ga ruwan Assop da ke gangarowa, ga sanyin da zai sa ku nemi bargo ɗaya. Hoto kuma wayarka ta isa.

Anti, wace rigar dusar ƙanƙara zan saya ta intanet don zuwa Gembu? (Amarya daga Abuja)

Wace dusar? Ko Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, ba ya ganin ta. Ki nemi suwaita mai kauri a gwanjo, ki ja zif ɗin sau uku a gaban mai kaya, ki haɗa da safa da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Mai tsinin nan ki bar shi a akwatin lefe.

Anti, ban taɓa wuce Katsina zuwa Kano ba. Maigida ya shirya mana Mambila, ni kuma mota tana sa ni amai, kuma ina tsoron tudu. Kunya ta hana ni faɗa masa. (Amarya daga Katsina)

'Yata, kwantar da hankalinki. Ba ƙauyanci ba ne, manyan mata da yawa haka suke. Ki faɗa masa yau, cikin wasa ma ya isa; ya fi ki yi shiru sai a tsakiyar hawa ya ga idonki ya juye. Ki zauna gaba, ki kalli nesa, ki ajiye waya, ki ci abu kaɗan marar maiƙo, ki riƙe citta a jaka. In kina zargin kin samu ƙaruwa, kada ki sha maganin amai sai kin ga likita.

Ga saƙo ki kai masa daga Anti. Ku raba tafiyar kwana biyu, kada dare ya same ku a hanya, ya tambayi direbobin tasha halin hanya da tsaro kafin ku tashi, kuma kada ku sanar wa duniya inda kuke sai kun dawo. In shi zai tuƙa, a duba birki, a gangara kuma ya sa ƙaramar giya. Mai danne birki tun daga sama, birkin yakan yi zafi ya daina kamawa. Ku riƙe tsabar kuɗi, sabis ba ko'ina ba.

Na ƙarshe kuma ki riƙe shi da kyau. Komai sanyi, kada ku shigar da kaskon gawayi ɗaki ku rufe ƙofa ku kwanta, kada kuma a tada janareta kusa da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, cikin barci take ɗauke mutane. Ki nemi ƙarin bargo. Allah Ya kai ku lafiya, Ya ba da zaman lafiya.

Anti, surukata ta ce in zo mata da zumar Mambila. Yaya zan gane ta gaskiya? (Amarya daga Gombe)

Gwajin ashana da na tururuwa da ake yaɗawa duk ba abin dogaro ba ne. Narkakken sukari ma yakan tsallake su. Zuma ta gaskiya takan yi tsaki-tsaki ta daskare a sanyi, wannan ba aibu ba ne. Kada ki saya ta tagar mota. Ki sa mai masaukinku ya kai ki wurin wanda shi yake saya, ki nemi mai saƙa a ciki, ki ɗanɗana daga jarkar da za a ba ki, ba daga kwalbar talla ba. Murfin kuma ki naɗe shi da leda, don zumar suruka ba ta da daɗin wankewa daga jikin leshi.