Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya kan maƙoƙon mahaifiyarta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya. Kin ce an yi mata hoton wuya, an soka allura an ɗebo ruwa daga ƙullin, amma likita ya ce ba zai iya cewa ciwon daji ne ko ba shi ba ne sai an yi tiyata, kina tsoron ko neman kuɗi ne. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin naman da ake cirowa daga jikin marasa lafiya, kuma wallahi abin da ya faɗa miki gaskiya ne. Likitan da zai rantse miki da sakamakon allura a irin wannan ƙarin shi ne abin tsoro.

Ki duba takardar sakamakon. Yawanci ana rubuta shi bisa tsarin Bethesda, mai mataki 1 zuwa 6. Na 2 yana nufin ba daji ba ne, na 6 daji ne ƙarara, na 1 kuma abin da aka ɗebo bai isa a karanta ba, sai a sake. Daga bayaninki ina kyautata zaton na 4 ne, wanda ake ce wa folikula.

Ga inda gizo ke saƙar. Dajin papilari, wani nau'in dajin maƙoƙo, ana gane shi daga kamannin ƙwayoyin halittarsa, allura ta wadatar. Shi folikula, ƙwayoyin mai illa da marar illa kamarsu ɗaya ƙarƙashin madubin gwaji. Abin da ke raba su shi ne tantanin da ya lulluɓe ƙarin: ya huda shi ya fita? Ya kutsa cikin jijiyar jini? Allura daga tsakiya take ɗebowa, ba ta ganin gefe. Kamar mai soka ƙarfe a buhun hatsi a Dawanau ne, zai san gero ne a ciki, amma ba zai san ko buhun ya yage ta ƙasa ba. Dole sai an ciro ƙarin ɗungurungum, mu yanka shi sala-sala, likitan gwajin nama ya bi tantanin kewaye da kewaye. Ko gwajin gaggawa da ake daskarar da nama ana cikin tiyata bai cika warware wannan ba, shi ya sa yawanci ake cire rabin tayirod (halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ne maƙoƙo) inda ƙullin yake a jira sakamako. Mafi yawansu suna fitowa ba daji ba. In kuma daji ne, wani lokaci a koma a cire ɗaya rabin, kuma irinsa yana jin magani sosai in an kama shi da wuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke faruwa bayan tiyata. Na sha ganin an miƙa wa 'yan'uwa naman a roba, su kai gida su binne, ko su kawo mana shi a leda ba ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, ya kwana biyu cikin zafi ya ruɓe. A nan an yi tiyata ke nan, an sha wahala, amsar kuma ta tafi har abada. Ki tsaya da kanki ki ga an saka shi cikin fomalin nan take, ruwan ya shanye kansa sosai, an rubuta sunanta a jikin robar. Asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Shika a Zariya duk suna da sashen wannan gwajin. Sakamako kan ɗauki sati ɗaya zuwa 'yan makonni, ki riƙa bibiya.

Kafin ranar, ki tabbatar an auna TSH a jininta, wato gwajin da ke nuna yadda tayirod ke aiki, a kuma duba maƙogwaronta, domin jijiyar murya tana bi ta bayan wurin da za a yanka. In muryarta ta fara dishewa ko haɗiya na yi mata wuya, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku koma gobe.