Tambayoyin Masu Karatu: Cika Harsashi a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka. Abokin aikina yana tara kwanson harsashin da ya harba a filin gwaji, ya sake cika shi a garejinsa, kuma yana so ya koya mini. Me ya kamata in kiyaye? Daga wani mai karatu a Houston.

Amsa: Wa alaikumus salam. Dokar tarayyar Amurka ta halatta wa mutum ya cika harsashi don amfanin kansa, amma sayarwa sai da lasisi. A Najeriya kuwa doka ta hana ƙera harsashi a gida, saboda haka aikin ya tsaya can inda kake.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne awon albarushi. Idan hannu ya zuba sau biyu a kwanso ɗaya, bindiga na iya tarwatsewa a hannunka. Idan kuma aka tsallake kwanso ba a zuba ba, harsashin kan maƙale a cikin bututu, na bayansa ya zo ya tarar da shi. Don haka ka jera kwansunan, ka haska tocila cikin kowanne kafin ka rufe. A wurin harbi, in ka ji ƙara ta yi rauni, ka tsaya ka duba bututun. Kada ka sake danna kunama.

Gwangwanin albarushi ɗaya tak zai hau teburi, domin iri-irinsa sun yi kama a ido, ƙarfinsu kuwa ya sha bamban. Awo daga littafin kamfani ake ɗauka, irin na Lyman ko Hornady, a fara daga mafi ƙanƙanta, a tabbatar da sikeli. Abin da wani ya rubuta a intanet ba hujja ba ne. Kwanson da ya tsage a baki ko ya yi zobe mai haske kusa da gindi, jefar da shi.

Sai dalma. Mu da muka ga abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma raina ta. Ƙurarta tana cikin tsohon kwanso. Kada ka ci abinci a wurin, ka wanke hannu da sabulu, yara kuma su nisanci garejin. Ka sa tabarau na kariya, ka kashe waya, kuma ranar da ka dawo aiki a gajiye, ka bar teburin sai gobe.