Magani da taba a kanta ɗaya: a ci gaba ko a daina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan kemis a wani ƙauye a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Bayan magani, ina ajiye sabulu, batir, katin waya da taba sigari, wadda nake sayarwa kara ɗai-ɗai. Wani malamin asibiti ya ce bai dace ba. Ni kuwa gani nake ko na daina, mai tebur na bakin tasha zai sayar musu. Yaya kuka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka daina. Gaskiya ne mai tebur zai ci gaba da sayarwa, amma ba wanda yake zuwa wurinsa da ƙirji a riƙe yana neman sauƙi. Wurinka ake zuwa.

Mu fara da doka, don cinikin da ka bayyana ya riga ya saɓa mata. Dokar taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali guda mai kara 20. Ta kuma hana sayar wa duk wanda bai kai shekara 18 ba. Yaron da aka aiko da canji ya ce "in ji Baba", shi ma yana ciki.

Abin da ya fi damunmu shi ne tari. Mashayin taba kan yi wata biyu yana tari, ya ce ai tarin taba ne, ya sayi kwalbar maganin tari da kara biyu a wuri ɗaya ya wuce. Ta haka tarin fuka yake ɓuya. Duk tarin da ya wuce mako biyu, balle in da rama, gumin dare ko jini a majina, ba na kwalba ba ne. A tura shi asibitin gwamnati a gwada majinarsa. Gwajin da maganin na wata shida duk kyauta ne. Amma da wane baki za ka tura shi, alhali daga hannunka ya karɓi tabar?

Sannan taba tana warware aikin magungunan da ke kantarka. Hayaƙinta yana sa hanta ta narkar da aminofilin, wanda ake ba masu asma, da sauri fiye da ƙima, sai maganin ya ƙi riƙe mutum. In kuma mai shansa ya bar taba farat ɗaya, maganin kan taru a jini, ya kawo amai da bugun zuciya, don haka sai likita ya sake duba adadin. Gyambon ciki yana jinkirin warkewa ga mashayi ko da yana kan omeprazole. Mai hawan jini kuwa, kowane kara ƙara matso masa da shanyewar ɓarin jiki yake yi.

Batun riba ba abin rainawa ba ne. Kamfanin kemis na CVS a Amurka ya cire taba daga shagunansa sama da 7,000 a 2014, da saninsa zai rasa cinikin kusan dala biliyan 2 a shekara. Naka lissafin ba zai kai nan ba. Ɗauki littafi, ka rubuta ribar taba ta mako guda, ka cire bashin da ba a biya ba (masu "ba ni ɗaya zuwa anjima" sun fi kowa cin jari). Kada ka sake saro wata, kwalayen da ba a fasa ba ka nemi dila ya karɓa. Kuɗin ka zuba a gishirin ORS da zinc na gudawar yara, da gidan sauro kafin damina ta kankama.

Wanda ya zo nema ya tarar babu, kada ka kunyata shi a gaban jama'a. In ya nuna yana son bari, ku tsayar da rana. Farkon azumi ya fi sauƙi, tunda ya saba jurewa daga asuba zuwa magariba, sai dai ya kiyayi bayan buɗa-baki. Ka faɗa masa kwana uku na farko su ne masu wuya: fushi, ciwon kai, rashin barci. Daga mako biyu zuwa huɗu abin yake lafawa, kuma kwaɗayin in ya taso 'yan mintoci ne, ya sha ruwa ko ya tashi ya taka.

A manyan kantunan magani na birnin Kano akan samu cingam na nikotin (sinadarin da ke sa kwaɗayin taba) don mai son bari: akwai mai miligiram 2, akwai kuma mai 4 don masu sha da yawa. Ba a tauna shi kamar cingam na yara. A tauna a hankali har a ji yaji-yaji, a ajiye a kumatu, a sake, har wajen minti 30. Wanda ya tauna da sauri zai sha shaƙuwa da tashin zuciya. Kada ka yarda ya koma shisha ko tabar gari da sunan sauƙi, kuma kada ka ba shi diazepam ko tramadol wai don ya samu barci.