Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan Faransanci a aji huɗu

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce an ɗora miki Faransancin aji huɗu a makarantarku ta Katsina, yara ba sa fahimta, iyaye kuma na cewa Turancin ma bai zauna ba balle wani. Shekarata tara ina wannan aikin a Daura, kuma shekarar farko ɓata ta na yi.

Na dawo daga Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, kaina cike da nahawu. Sai in cika allo da je suis, tu es, il est, yara su kwafa, in fassara musu da Turanci. Ƙarshen zango na tsaya bakin ƙofa na ce wa wani yaro comment tu t'appelles, wato yaya sunanka, ya kalle ni kamar na zage shi. Littafinsa kuwa tsaf, babu kuskure ko ɗaya.

Wata yarinya ce ta gyara ni, kakarta 'yar Damagaram. Ranar da na rubuta l'école ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai lakwal ce." Sai aji ya ɓarke, wannan ya ce mushe (wato monsieur), wancan ya ce jandarma, wani ya ce babansa yana canjin sefa a kasuwar Mai'aduwa. Ashe harshen yana gidajensu, ni ne na bi da shi ta Turanci, doguwar hanya. Tun ranar na koma yin bayani da Hausa kai tsaye. Yaranki na Katsina ma haka ne, tsakaninsu da Maraɗi ai Jibiya ce kawai.

Ki duba batun le da la, kalmomin da ke nuna suna namiji ne ko mace. Bature mai jin Ingilishi yana shan wuya a nan, ɗan Bahaushe kuwa ya riga ya san riga mace ce, wando namiji. Abin da zai ba su dariya shi ne rana mace ce a wurinmu, wata namiji, su kuma Faransawa sun juya: le soleil, la lune. Da zarar sun yi wannan dariyar ba sa mantawa. Haka tu da vous: ki ce musu kai ne da ku, yadda akan ce wa babba "ku" don girmamawa.

Inda za ki sha fama shi ne furuci. P da f suna cakuɗe musu, v ta koma b, sai vous ta zama bu. Nakan sa su yi ta maimaita papa.  Wasalin hanci kuwa, irin na bon da pain, haƙuri kawai. Ƙirga ki tsaya a 69 tukuna, don saba'in ɗinsu sittin da goma ne, tamanin kuma ashirin sau huɗu. Na taɓa gaggawar kai su ɗari, na yi mako uku ina kwance abin da na ɗaura.

Zangon farko kada ki dame su da rubutu. Gaisuwa, suna, launi, kayan aji, da 'yar kasuwa a gaban allo, ɗaya yana sayar da bik, wato biro, ɗaya yana tayawa.

Su iyaye ba na yi musu dogon bayani cewa tun 1996 Janar Abacha ya ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu, wannan ba ya shigarsu. Nakan tambayi uba wa ke karanta masa takardar kaya in ya tsallaka iyakar Kwangwalam zuwa Nijar. Yawanci sai ya yi shiru, ya ce to Malam a ci gaba.

Darasi nawa suka ba ki a mako? In ɗaya ne, ki roƙi hedimasta ya raba shi biyu ko da minti ashirin-ashirin ne, don abin da aka ji ranar Litinin ba ya kai wata Litinin ɗin.