Amsa kan ogan na cocin Saint-Sulpice

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ogan mai bututu, wato babban kayan kiɗan nan mai aiki da iska, na cocin Katolika na Saint-Sulpice a birnin Paris tsaran ginin ne. A'a, ginin ya girme shi nesa ba kusa ba. A 1646 aka aza harsashin cocin, amma sai 1781 François-Henri Clicquot ya kammala ogan ɗin. A 1862 Aristide Cavaillé-Coll ya sake ƙera shi, bai watsar da tsofaffin bututun ba, ya ƙara nasa har suka haura 6,000, da jerin madannai biyar. A ganina wannan ne sirrin zaƙin sautinsa. Da can ƙarti ne ke taka zugazugi don ba shi iska, kafin zuwan injin lantarki. Makaɗi Charles-Marie Widor kuwa, daga 1870 ya yi sama da shekara 60 yana kaɗa shi.