Tambaya da Amsa: Na hau wifin tasha, aka ɗauke min WhatsApp

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan kasuwa ne nan kasuwar Dole a Damagaram, ina saro kaya Yamai wani lokaci Kano. Watan da ya wuce muna hanyar Yamai kar ɗinmu ta tsaya salla da cin abinci, megana ya ƙare, sai na ga wani wifi ba kod kuma da sunan tashar a jiki, na hau. Shafi ya buɗe ya ce in sa lambata na sa, ya ce an turo min lamba shida ta mesaji in rubuta, na rubuta, intanet ɗin ma bai zo ba har muka tashi. Sai da na sa forfe a Dosso na ga WhatsApp ya fitar da ni, na ɗauka rezo ne na bar shi. Da safe ƙanena ya kira hankali tashe wai wane asibiti aka kai ni, an rubuta da sunana cewa mun yi hatsari a turo jaka hamsin. Mutum biyu sun tura wallahi. Yanzu na dawo da shi, amma ina tsoro ko sun kwashe hotunan iyalina da komai na cikin wayar. Kuma in daina hawa wifi ne gaba ɗaya?
Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Zango

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri ya kiyaye gaba. Bari in fara da hotunan tunda su suka fi hana ka barci. Daga yadda ka ba da labarin nan babu wanda ya shiga cikin wayarka. WhatsApp a cikin wayar mai shi yake ajiye tsoffin hira da hotuna, wanda ya ɗauke asusun zuwa wata waya fanko yake samunsa, abin da zai gani shi ne gurup-gurup ɗin da kake ciki da lambobin mutanen ciki, sai saƙon da ya shigo bayan ya karɓe. Ta nan suka kai ga danginka da mutum biyun nan.

Lamba shidan da ka rubuta kuwa daga WhatsApp ta zo, koma cikin mesajinka ka duba za ka ga sunansu a jiki har da gargaɗin kar a ba kowa. Lokacin da ka sa lambar wayarka a shafin nan akwai wanda yake zaune yana jira, wataƙila ma a bencin mai shayi da ke bayanka, ya ɗauki lambar ya sa a WhatsApp ɗin tasa wayar kamar sabon mai rajista, WhatsApp ya turo kod zuwa sim ɗinka kamar yadda ya saba, kai kuma ka kwafa ka miƙa masa da hannunka. Ban ga laifinka sosai ba, mutum ya taso tun asuba daga Damagaram, tafiyar kilomita wajen 900, ya wuce Tasawa ya wuce Maradi ƙafa ta kumbura, direba na ta danna oda, wa zai tsaya karanta mesaji da faransanci. Da wannan gajiyar ɓarayin suke cin abinci.

Sunan tashar da ka gani a jikin wifin kuma kar ya sa ka zargi masu tashar. Suna ba shaida ba ne. Kai ma yanzu ka buɗe wurin raba intanet na wayarka ka sa masa sunan da ka ga dama, ko fadar Sarki ka rubuta zai karɓa, duk wanda ke kusa haka zai gani. Shi ya sa in ka sauka otel ko tasha ka tambayi ma'aikacin wurin da baki, wane ne naku, yaya ake rubuta shi. In ka ga biyu masu kama da juna ɗaya da kod ɗaya a buɗe, to ka yi shakkar na buɗen.

A daina hawa gaba ɗaya? Ni dai ba zan ce maka haka ba, don ni ma ina hawa, kuma mega ba arha ba. Da can tsoron yana da tushe ƙwarai. A 2010 wani mai haɗa manhaja a Amurka, Eric Butler, ya saki wani ɗan kayan aiki mai suna Firesheep don ya nuna wa duniya ɓarakar, duk wanda ya sa shi a kwamfuta ya zauna wurin da ake da wifi a buɗe sai ya riƙa shiga Facebook ɗin mutanen da ke zaune tare da shi da dannawa ɗaya, don a lokacin yawancin shafuka a fili suke aika bayanai kamar mai kiran suna a kasuwa. Abin ya tayar da ƙura, manyan kamfanoni suka koma rufe hanyar, wato https ɗin nan da kake gani a farkon adireshi. WhatsApp ya kulle saƙonni daga waya zuwa waya ga kowa a 2016, daga 2018 kuma Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ya fara yi wa duk shafin da bai rufe ba tambarin cewa ba shi da tsaro.

Ka ɗauke shi kamar saƙon da kake ba direba a tasha. Ya san daga wa ya fito, ya san garin da za shi, ya ji nauyinsa, amma ambulan a manne yake. Mai wifi ma haka, zai iya sanin ka shiga Facebook ko shafin banki, ƙarfe nawa, mega nawa ka ci, amma abin da ka rubuta a ciki bai gani. To tunda buɗe ambulan ya yi wuya sai ɓarayin suka koma roƙonka ka buɗe musu da kanka, kuma abin da suke roƙa bai wuce uku ba: kod ɗin da ya shigo ta mesaji, kalmar sirrinka ta Facebook ko Gmail wai ka shiga da ita kafin a ba ka intanet, ko kuma a ce sai ka sauke wata manhaja ko ka sabunta wani abu tukuna. Na ƙarshen nan ya fi muni don shi kam yana shiga cikin wayar da gaske. Ba kuma ƙananan mutane kawai ake yi wa ba, a 2014 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya fallasa wasu da aka sa wa suna DarkHotel, manyan shugabannin kamfanoni suke dako a otel-otel masu tsada na Asiya, mutum ya hau wifin otel sai a nuna masa wai ya sabunta wata manhaja, yana dannawa an gama da shi.

Akwai wuraren kirki, kamar wasu filayen jirgi, da suke turo kod ta mesaji don su ba ka wifi, gaskiya ne. Bambancin yana cikin mesajin, ka karanta wa ya turo. In ka ga WhatsApp, Facebook, Google, Telegram ko sunan bankinka, rufe shafin ka sauka.

Yau ɗin nan kafin ka kwanta Alhaji, shiga parametir na WhatsApp, wurin asusu, ka kunna tabbatarwa mataki biyu, in wayarka faransanci take za ka ga Vérification en deux étapes. Za ka zaɓi lamba shida taka ta kanka, kar ka sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarka. Da kana da ita ran nan, ko ka ba su kod ɗin mesaji da sun tsaya a ƙofa ta biyu. Ka leƙa kuma wurin na'urorin da aka haɗa da asusun, duk wadda ba ka sani ba fitar da ita. Ga masu karatu da abin zai iya samu: kar ku jira safiya kamar yadda Alhaji ya yi, nan take ku sake rajista da lambarku, kuna sa sabon kod ɗin mesaji an fitar da ɓarawon, ko da ya riga ya sa nasa mataki biyun wanda zai sa ku jira kwana 7 kafin ku shiga. Sannan ku kira mutum biyu uku masu baki a dangi su yaɗa cewa kar a tura ko dala.

Harkar kuɗi kuma ni ra'ayina a yi ta da megan kai, ba don manhajar banki ba ta rufe ba, a'a, don dai kuskure a nan ya fi tsada kuma forfe na yini bai kai abin da za a yi asara ba. Masu danna tauraro da lambobi su tura kuɗi, wannan ta layin waya yake bi, wifi bai shafe shi ba. Mutum biyun da suka tura su riƙe rasit ɗinsu, akwai suna da lambar wanda ya karɓa a jiki, ku kai wa ƴan sanda, Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, tike nake saye a wifi zon na unguwa, in na je hutu gida ma haka. Abokina ya ce in sa VPN na kyauta shi ke nan ba mai iya min komai. Haka ne?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ƙanena abokinka ya faɗi rabi. VPN manhaja ce da ke bi da intanet ɗinka ta injinan wani kamfani, yana hana mai wifi zon sanin shafukan da kake shiga, amma duk abin da ka ɓoye masa yanzu mai VPN ɗin ne yake gani, ka sauya direba ne kawai. Mai wifi zon aƙalla ka san ƙofar gidansu, ka san babansa, shi kuwa wancan ko ƙasar da yake ba ka sani ba, kuma injinan da yake aiki da su kuɗi ake biya, in bai karɓi naka ba ka tambayi kanka ina yake samu. Akwai na kirki, yawanci na biya ne. Kuma da Alhajin sama yana da VPN goma ran nan da duk haka za a yi masa, tunda shi ya rubuta kod ɗin. Tun da Starlink ya shigo ƙasar a 2025 wifi zon ya yi yawa, ni ban ga aibun sayen tike ba. Ka dai riƙa sabunta wayarka ta hanyarta, manhaja daga Play Store kawai, ka kashe hawa da kai don kar wayar ta riƙa maƙale wa duk wifi mai irin sunan da ta taɓa sani, in kuma burauza ta nuna maka jan gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne kar ka danna ci gaba. Wani lokaci kwanan watan wayar ne ya rikice yake jawo shi, duba wannan tukuna.

TAMBAYA: Mamana za ta umra, ba ta iya karatun boko ba, da wifin otel za ta riƙa kiranmu. Me zan yi mata kafin ta tashi?
Daga wata baiwar Allah, Birni

AMSA: Allah ya kai Hajiya lafiya ya karɓa, ta sa mu a addu'a. Kira da bidiyo ta wifin otel ba matsala ƴar'uwa, abin da na fi ji mata shi ne miƙa waya, don duk wanda bai iya ba sai ya ba wani ya saita masa, kuma minti ɗaya ya isa a haɗa WhatsApp ɗin mutum da wata na'ura. Ki sa mata mataki biyun nan da imel ɗinki, ki sa wa wayar kulle da yatsa, ki cire manhajar kuɗi in akwai tunda ba za ta buƙace ta can ba. Ki gaya mata mutum ɗaya tak a ayarinsu wanda kuka yarda da shi, shi zai sa mata wifi tana tsaye tana kallo. Ki haɗa ta da cajarta da kan da ke shiga soket ɗin Saudiyya mai ƙafa uku, don kar ta bar wayar a ɗakin wasu da sunan caji. Sai ku yi wata kalma tsakaninku, ko sunan da kakarku ke kiranta da shi, duk saƙon da ya zo da sunanta ana neman kuɗi ku ce a faɗi kalmar, ko ta yi magana da muryarta.